Yadda Ake Tace Jita-Jitar Sabuwar Kwamfutar Allo Kafin a Fitar da Kuɗi

Bayan sallar La'asar ne ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, ya same ni zaune a ƙofar gida a Gusau. Ya durƙusa ya gaishe ni, kuma tun ban gama tambayarsa hanya ba ya zaro wayarsa ya miƙo mini. Bidiyo ne na wata na'ura siririya tana juyawa a hankali cikin haske kamar an rataye ta da zare, da rubutu a ƙasa cewa ta kusa fitowa. Ya ce, "Kawu, na kwashi adashe, kuma tab nake so in saya saboda littattafan makaranta. In saya yanzu, ko in jira wannan?" Na tambaye shi wa ya ce za ta fito, ya ce a wani zaure na WhatsApp ya gani. Na ce shi wanda ya tura a zauren a ina ya samo? Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Wannan na'urar da 'yan kasuwar waya suke kira tab, wadda ni na fi son in kira kwamfutar allo saboda siffarta da yadda ake riƙe ta sun yi kama da allon da muka tashi muna wankewa, tana cikin kayan da raɗe-raɗi yake riga su zuwa kasuwa da watanni. Ba na cewa a toshe kunne, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma a cikin abin da ake yaɗawa akwai wanda yake da tushe. Amma amfanin jita-jita ga mai saye guda ɗaya ne tak, wato ta taimake shi ya san ko ya dace ya saya yau ko ya jinkirta na ɗan lokaci ƙayyadadde. Kuma masu yaɗa ta suna magana ne da mutumin da yake karɓar albashi da dala, wanda wutar lantarki ba ta ɗaukewa a gidansa, don haka sai an tace ta sau biyu kafin ta amfani mazaunin Gusau ko Talata Mafara.

Takarda da biro kafin komai

Abin da na fara sa yaron ya yi shi ne ya ajiye wayar ya rubuta ayyukan da yake so na'urar ta yi masa. Ya rubuta karanta littattafai da takardun malamai, kallon darussa na bidiyo, da ɗan rubutu. Malamin Islamiyya da yake son ya tara littattafan Larabci a wuri ɗaya ya riƙa faɗaɗa haruffa saboda ido, bukatarsa ba ta wuce haka ba, haka nan tela mai nuna wa masu ɗinki salon aiki, da ɗan kasuwa mai lissafin kayan shago. Duk waɗannan ayyuka kwamfutar allo ta shekara biyu ko uku da suka wuce tana yin su ba tare da ta yi nishi ba. Wanda yake bukatar sabuwar ƙira da gaske shi ne mai zane da alƙalamin na'ura ko mai haɗa bidiyo don sana'a, kuma irinsu ba su da yawa a cikinmu.

A ƙarƙashin ayyukan sai ka rubuta iyakar kuɗin da ba za ka wuce ba, da ranar da dole na'urar ta shigo hannunka, kamar ranar komawa makaranta. Wannan takardar ita ce za ta kare ka idan ɗoki ya taso. Ga iyayen da suke saya wa yara don shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ina tunasar da su cewa a ɗakin jarrabawa ba shafa gilashi ake yi ba, madannai ne da linzamin kwamfuta, don haka yaron yana bukatar ya saba da su ko da an saya masa allo mafi tsada.

Wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji

Mutanen da suka tashi a gaban malamai ba sa bukatar a koya musu muhimmancin isnadi, wato sanin wanda ya kawo magana da wanda ya ji daga gare shi har a kai ga tushe. Wannan ɗabi'ar ce ya kamata a ɗauko a nan. Idan ka ga labarin sabuwar na'ura, ka bi shi baya mataki-mataki, ka duba shafin da ya wallafa ya ce daga ina ya samo, ka buɗe wancan, shi ma ka ga wa ya jingina wa. Sau da yawa za ka tarar shafuka goma da suka ba da labari iri ɗaya duk daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko, kowanne ya ƙara gishirinsa, har "mai yiwuwa" ta koma "an tabbatar". Shaida ɗaya ce ta sauya riguna goma. Ka kuma duba ranar da aka fara wallafa labarin, domin a zaurukanmu tsohon bidiyo yakan dawo bayan shekara biyu a matsayin sabo.

Tarihin iPad ta farko ya ishe mu darasi. A ƙarshen 2009 da farkon 2010 babu abin da ake tattaunawa a duniyar fasaha kamar allon da ake cewa kamfanin Apple yana ƙerawa a ɓoye. An raɗa mata sunaye tun ba a haife ta ba, wanda ya fi yaɗuwa shi ne iSlate, kuma abin sha'awa kalmar da ke cikin sunan ma'anarta allo. A farkon Janairu 2010 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa fuskar na'urar za ta kai inci 10 zuwa 11 kuma za ta shiga kasuwa a watan Maris, manazarta kuma suka tsaya a kan cewa kuɗinta zai kusa dala 1,000. Ranar 27 ga Janairu 2010 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya hau dandamali a San Francisco ya nuna ta. Sunanta iPad, fuskarta inci 9.7, ba ta da kyamara ko ɗaya duk da cewa mutane da yawa sun sa rai, kuma bayan ya haska dala 999 a bango don ya tsokani masu hasashe, ya ce farashinta yana farawa daga dala 499. Ta shiga shaguna a Amurka ranar 3 ga Afrilu.

Ka lura da inda jita-jitar ta dace da inda ta kuskure. Ta kusa gano girma da lokaci, ta faɗi warwas a kan suna da farashi. Wannan ba tsautsayi ba ne. Gilashi da batir da gangar jiki a masana'antu dabam-dabam ake yin su a China da Taiwan da Koriya ta Kudu, dubban hannaye suna taɓa su watanni kafin fitarwa, kuma abin da hannaye da yawa suka taɓa ba ya ɓoyuwa. Suna da farashi da abin da manhaja za ta iya yi kuwa shawara ce da take zaune a kan mutane ƙalilan, kuma ana iya sauya ta a makon ƙarshe. Saboda haka idan ka ji raɗe-raɗin girman fuska, ko irin ramin caja, ko yawan kyamara, kana iya ba shi rabin kunne, amma idan ka ji na farashi ka ajiye shi gefe har sai kamfani ya furta.

A wurina magana mafi ƙarfi, bayan sanarwar kamfani mai ɗauke da rana da farashi, ita ce wadda ta fito daga rajistar hukumomi. Duk na'urar da take amfani da igiyar rediyo sai ta sami izini kafin a sayar da ita, a Amurka daga hukumar FCC, a nan gida kuma daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda take wallafa jerin na'urorin da ta amince da su. Idan lambar wata ƙira ta bayyana a irin wannan rajista, to na'urar ta wuce matakin mafarki. Daga nan sai 'yan jarida da manazarta da suka yi shekaru suna wannan aiki da sunayensu, irin su Mark Gurman na Bloomberg da Ming-Chi Kuo, wanda yake bin diddigin masana'antun da suke yi wa Apple kaya. Su ma sukan kuskure, musamman a kan lokaci, amma suna da sunan da suke tsoron zubarwa, ba kamar shafin da aka buɗe jiya da hoton mota a fuskarsa ba. Takardar rajistar ƙirƙira, wadda ake yawan yaɗa zanenta a ce ga sabuwar na'ura, ba ta nuna komai face kamfani ya kama wa wata dabara wuri, kuma mafi yawansu a takarda suke ƙarewa.

Bidiyon da ɗan ƙanwata ya kawo mini bai kai ko wannan matsayin ba. Da muka ɗauki hoton wani sashensa muka saka a Google Lens, wadda take nemo inda hoto ya fara fitowa, sai ga shi a shafin wani mai zane da ya rubuta ƙarara cewa hasashensa ne na yadda yake fatan na'urar ta kasance. A hanya ne aka yanke wannan bayanin aka bar bidiyon tsirara. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta sa kowa yana iya haɗa irin wannan cikin minti kaɗan, kyawun hoto ya daina zama hujja, har ma nakan fi zargin wanda ya cika kyau. Hoton da ya fito daga masana'anta da gaske galibi a gurguje aka ɗauke shi, dishi-dishi, a kan teburi mai datti.

Ko na'urar ta tabbata a cikin kamfani, wannan bai sa ta iso hannunka ba. A 2009 shafin Gizmodo ya fitar da bidiyon wata kwamfutar allo mai fuska biyu da take buɗewa kamar littafi, mai suna Courier, wadda Microsoft yake gwadawa. Mutane suka zuba ido, sai a Afrilu 2010 kamfanin ya ce ya dakatar da aikin, ba a taɓa sayar da ko guda ba. Ta HP kuma, mai suna TouchPad, ta fito ranar 1 ga Yuli 2011, amma ranar 18 ga Agusta kamfanin ya ce ya daina yin ta, aka karyar da ragowar a kan dala 99. Wanda ya yi rige-rigen saye a makon farko ya biya kuɗi cikakke a kan na'urar da ta zama marainiya kafin ta cika wata biyu.

Kuɗin jira

A nan ne lissafinmu ya sha bamban da na masu rubutu daga ƙasashen waje, domin su farashi a wurinsu tsaye yake, mu kuwa a wurinmu tafiya yake yi. Dala 499 ɗin iPad ta farko, a lokacin da dala take wajen naira 150, ba ta kai naira 75,000 ba. Dala 499 ɗin nan a kan naira 1,500 ta doshi naira 750,000, kuma wannan kafin a ɗora kuɗin dako da kuɗin fito da ribar babban dila a Legas, da ta na Kano, da ta mai shago a Gusau. Duk farashin da ka ji an faɗa da dala, ka buga shi da canjin ranar, sannan ka sa a ranka cewa na shago zai ɗara haka, musamman a makonnin farko lokacin da kayan ba su yawaita ba kuma masu son a ga sun fara riƙewa suna tayawa da tsada.

Ga misali na kusa. A Oktoba 2022 Apple ya fitar da sababbin iPad. A cikin 2023 aka yi ta raɗe-raɗin wasu suna tafe, har a watan Oktoba wasu shafuka suka sa rana, amma abin da ya fito alƙalamin na'ura ne kawai, shekarar ta ƙare ba a fitar da sabuwar iPad ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun 2010. Sai a Mayu 2024 sababbi suka zo. A tsakanin nan gwamnati ta saki naira a Yuni 2023, kuma dala a wurin 'yan canji ta tashi daga 700 da wani abu zuwa wajen 1,500. Wanda ya riƙe nairarsa yana jiran gawon shanu ya wayi gari kuɗin da da zai saya masa allo mai kyau bai kai na rabinsa ba.

Duk da haka jira yana da riba ɗaya da ba a cika faɗa ba, wato faɗuwar farashin tsohuwar ƙira. A ranar da aka nuna sababbin nan na Mayu 2024, Apple ya sauke farashin iPad ƙira ta goma daga dala 449 zuwa 349. Don haka ƙa'idar da nake bi ita ce, idan kamfani da kansa ya sa ranar taro, ko majiyoyi masu nauyi da ba su kwafi juna ba suka haɗu a kan 'yan makonni, to a jira, ba lallai don a sayi sabuwar ba, sai don a sami tsohuwar da sauƙi. Idan kuwa maganar ita ce "baɗi" ko "ƙarshen shekara", to a sayi abin da yake a ƙasa. Sanin lokutan bukukuwan fasaha yana taimakawa, domin kamfanoni da yawa sukan nuna kayansu a baje kolin CES na Las Vegas a Janairu, ko MWC na Barcelona a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ko IFA na Berlin a Satumba, inda Samsung ya nuna Galaxy Tab ta farko a 2010.

Abin da jita-jita ba ta damu da shi ba

Masu hasashe suna ɓata dare suna gardama a kan siranta da saurin ƙwaƙwalwar na'ura, amma tambayar farko da mutumin ƙasarmu zai yi ita ce ko tana cin sim. Yawancin kwamfutocin allo iri biyu ake yin su, mai Wi-Fi kaɗai da mai layi, kuma farashin da ake tallatawa na mai Wi-Fi ne. Wanda ba shi da intanet a gida, idan ya sayi irin wannan, dole kullum ya riƙa jona ta da wayarsa yana cinye batir biyu. Ko mai layin ma sai an bincika, domin iPad Pro da iPad Air na 2024 ba su da ramin sim sam, sai eSIM, wato layin da ake saka wa na'ura ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna ba da shi, amma ka tabbata ofishinsu na kusa da kai yana yi kafin ka biya. Sannan iPad ko da ta layi ce ba a buga kira da sim ɗinta kamar waya, data kawai take sha, alhali da yawa daga masu Android ana kira da su. WhatsApp ma, wanda aka shafe shekaru ana cewa ya kusa zuwa iPad, sai a Mayu 2025 ya iso. Maganar 5G kuma, wadda MTN ya fara a 2022 a wasu manyan birane, kada ka ƙara mata ko kwabo sai ka ga alamarta da idonka a unguwarku.

Ka tambaya ko tana da rumbun manhajojin Google. Na'urorin Huawei da aka ƙera bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su zuwa da shi, haka ma allunan Fire na Amazon da ake shigowa da su da araha. Ba wai ba su da kyau ba ne, amma wanda ba gwani ba zai sha wahala kafin ya sauke manhajar bankinsa. Ka kuma fifita wadda take da ma'adana mai yawa ko ramin katin memori. Mu a Zamfara mun san dalili, domin lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar a Satumba 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, wanda ya riga ya sauke littattafansa da karatun malamai a cikin na'ura ya ci gaba da amfana, wanda kuma ya dogara da intanet ya zauna da gilashi a hannu.

Sai zafi da gyara. Apple ya rubuta cewa an yi iPad ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana takan kai 40 ta wuce, kuma zafi shi ne babban abin da yake tsufar da batir. Siririyar na'ura da ake yabo a ƙasar sanyi tana iya zama mai yawan ɗaukar zafi a ɗakin kwano da azahar. Game da gyara kuwa ina magana ne da tabo a jiki. Na taɓa sayen wata ƙira da ba kowa yake da ita ba, don dai in bambanta, sai jikata ta yar da ita gilashin ya tsage. Mai gyaran da na kai wa a kasuwar waya ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, gilashin wagga babu shi garin nan, sai an aika Kano, in ba a dace ba sai Ikko." Ta kwana wata biyu a akwatinsa, kuma da gilashin ya zo kuɗinsa ya kusa rabin abin da na saye ta. Tun daga ranar, kafin in je wurin mai sayarwa nakan fara zuwa wurin mai gyara in tambaye shi wace ƙira ce gilashinta da batirinta da ramin cajinta suke samuwa a kusa. Sabuwar da ta fito jiya, kayan gyaranta sukan yi watanni kafin su iso kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, balle nan.

Ra'ayoyin mutane su ma sai an tace. Da aka nuna iPad a 2010 masana da yawa sun yi mata dariya cewa iPod ce, wato ƙaramar na'urar sauraron kiɗa ta Apple, aka hura, amma ta sayar da miliyan 1 cikin kwana 28, da kusan miliyan 15 kafin shekarar ta ƙare. Courier da kowa ya yaba ba ta ga kasuwa ba. Wanda yake yabo ko kushe na'urar da bai taɓa riƙewa ba ra'ayinsa bai fi naka ba. Bidiyon farko-farko da suke fitowa rana ɗaya, lokaci ɗaya, na mutanen da kamfani ya ba su na'urar ne tun kafin fitarwa, kuma ko sun yi adalci ba su riƙe ta fiye da mako ɗaya ko biyu ba. Wanda ya fi amfani shi ne bayanin mutumin da ya saya da kuɗinsa ya yi wata uku da ita, musamman idan a ƙasa mai zafi yake kamar Nijeriya ko Indiya. Mai shago kuma, ko da mutumin kirki ne, idan ya ce maka sabuwa ba za ta zo ba ka tuna yana da tsohuwa a kanta, idan ya ce ta kusa zuwa ka tuna wataƙila kafin alƙalami yake nema.

Ranar ciniki

Kada ka ba kowa kafin alƙalami a kan na'urar da ba ta fito ba, ko da ya nuna maka rasit da hoton kwantena, domin ba a cinikin biri a sama. Lokacin ɗokin sabon kaya shi ne kakar 'yan damfara, kuma shi ne lokacin da jabu take cika kasuwa da kwali mai sheƙi da suna mai kama da na asali, an sauya harafi ɗaya. Irin waɗannan sukan rubuta a jikinsu, har ma a cikin saitinsu, cewa suna da ma'adana mai girman gaske, alhali an shirya manhajar ne ta yi ƙarya. Idan ka ga an rubuta ƙarfin RAM, wato wurin da na'ura take riƙe aikin da take kan yi, da lamba biyu haɗe, kamar 4+4, to na farkon ne na gaskiya, na biyun aro ne daga ma'adana kuma ba ya kai shi sauri.

Ka je da rana, ka je da wanda ya fi ka sani, kuma ka tafi da sim ɗinka da katin memori cike da bidiyo. Ka gwada lambar da ke jikin kwali da wadda ke cikin saiti ka ga ko sun yi daidai, idan ta Apple ce ka saka lambar a shafinsu na duba garanti. Ka saka layinka ka ga 4G ta hau, ka kwafa bidiyo masu nauyi ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba tabo ko layi a fuskar, ka ja yatsa a kowane lungu, ka jona caja ka ɗan girgiza wayar cajin ka ga ko tana yankewa. Idan ta hannu ce, irin waɗanda ake kira 'yan Landan, ka sa mai ita ya goge komai a gabanka ya mayar da ita kamar sabuwa, sannan ka shigar da asusunka da hannunka kafin kuɗi ya bar aljihunka. Wadda take ɗaure da asusun iCloud, wato na Apple, ko na Google na wani, ko wadda ta nuna cewa wata makaranta ko ma'aikata a ƙasar waje ce take kula da ita, ka ajiye ta ko nawa aka sallama. A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da aka yarda za ka iya dawowa da ita, a rubuce, ba da baki ba.

Ranar Asabar da ta biyo baya muka shiga kasuwa ni da yaron, takardarsa a aljihu. Mun fara da mai gyaran nan, wanda ya ambata mana ƙira uku da yake da gilashinsu a ƙasa, sannan muka zaga shaguna huɗu. Ya tsaya a kan wata mai Android ƙirar bara, mai inci 10, mai cin sim da katin memori. Mai shagon ya yi ta haƙuri da mu kusan awa ɗaya muna kwafar bidiyo, har ya aika aka kawo mana ruwan sanyi, ya rubuta kwana bakwai a bayan rasit ya sa hannu. Da ragowar kuɗin adashen yaron ya sa aka manna mata gilashin kariya, ya sayi riga mai kauri da ƙaramin fawa bank, ya kuma ware kuɗin motar komawa Ƙaura da safe.